Ka Sayi Tsohon Jirgin Katako? Ajiye Fentin Nan Tukuna

Tambayar wannan makon daga Kuberi ta jihar Kebbi ta fito. Wani matashi ne ya sayi tsohon jirgin katako a hannun wani dattijo cikin Sarkawa, da niyyar ya riƙa haye Gulbin Zamfara da buhunan shinkafa da albasa idan ruwa ya kawo. Jirgin ya yi damina biyu a tudu ba mai waiwayarsa. Matashin bai taɓa mallakar jirgi ba, amma har ya sayi fenti shuɗi, kuma wani kafintan kujeru ya yi masa alkawarin gama gyara cikin kwana uku. Yana so ya san ta inda zai fara.

Ƙanena, Allah Ya sa albarka. Amma fentin nan ka kai shi ɗaki ka ajiye, shi ne na ƙarshe a layi. Aikinka na farko shi ne ka gano ko jirgi ka saya ko itacen wuta, kuma wannan binciken ba ya cin ko kwabo.

Ka sami mutane su taya ka ɗaga shi daga ƙasa, a ɗora shi kan guma-gumai a inuwa. A kwashe laka da ganye da duk tarkacen da ya taru a ciki, a wanke, a kankare tsohuwar kwalta. Sannan ka ɗauki wuƙa mai tsini da ƙaramar guduma ka bi shi katako bayan katako. Inda itace ke da rai, guduma za ta yi tsalle, ƙarar ta fito tas. Inda ya mutu, sai ka ji wani buf-buf, bakin wuƙa kuma ya shige ba tare da ka matsa ba, ya fito da ɓawon itace mai laushi da warin danshi. Duk inda ka sami haka ka zagaye shi da gawayi.

Kada ka ɓata lokaci a saman gefuna inda ido ke gani. Ruɓa tana ɓuya ne a ƙasa: ƙarƙashin haƙarƙarin jirgin, inda gefe ya haɗu da ƙasa, cikin lungun goshi, da allon baya. Mutane da yawa na zaton gulbi ne ke ruɓar da jirgi. Ba shi ba ne. Itacen da ke nutse cikin ruwa kullum yana daɗewa, domin ƙwayoyin da ke cin sa suna bukatar iska. Wanda ya bushe sarai shi ma ba sa iya masa, sai danshinsa ya haura kusan kashi 20 cikin 100. Abin da ke kashe jirgi shi ne ruwan sama da ya kwanta a cikinsa a tudu, yau jiƙe, gobe rabin bushe. Damina biyu da naka ya yi a waje ita ce abin tsoro, ga kuma gara, wadda ke cinye cikin katako ta bar maka fatar waje lafiya lau.

Sai ƙusoshi. Ka duba kewayen kan kowace ƙusa. Idan ka ga baƙin tabo ya zagaye ta, tsatsa ce ta ci ƙarfen, ta kuma lalata itacen da ke riƙe da ita. Zare guda biyar ko shida daga ƙasan jirgin ka gani da idonka. Sau da yawa kan ƙusar na nan daram, amma tsakiyarta ta rame ta koma kamar allura. Irin wannan jirgin ba ya yin gargaɗi, ranar da ya ɗauki kaya igiyar ruwa ta buge shi, katako guda ne zai ɓalle. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya dare a tsakiyar ruwa da mutane fiye da 150 a ciki, kaɗan aka ceto. Abin da jami'ai suka faɗa a lokacin shi ne jirgin ya tsufa, kuma an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa.

Idan ka gama zagayen gawayi, ka tsaya ka yi lissafi da zuciya mai sanyi. Katako biyu ko uku na gefe da haƙarƙari ɗaya ko biyu, wannan gyara ne. Idan kuwa ƙasan jirgin ne ya tafi tare da yawancin haƙarƙari, ko kuɗin gyara ya wuce rabin kuɗin sabo, shawarata ka haƙura. Ka cire katakan da ke da sauran amfani, ka ɗauki asarar tun tana ƙarama.

A ce jirgin ya ci jarrabawa. To, kafintan kujerun nan ka ba shi haƙuri. Ba raini ba ne, sana'ar ce daban: kujera ba ta lanƙwasa, ba ta kumbura, ba ta ɗaukar ran kowa a kan ruwa. Ka nemi masu haɗa jirgi a bakin gulbi ta hannun Sarkin Ruwa na yankinku, ko ka tambaya wajen Yawuri inda sana'ar ta zauna. Kuma ka koma wurin dattijon da ya sayar maka, da ɗan goronka, ka ce, “Baba, ina ne yake yawan yoyo?” Shi ya san inda ya taɓa bugun dutse da inda aka yi faci. Abin da zai gaya maka a zama ɗaya ya fi binciken mako.

Wajen sayen katako ka je da kanka. Maɗaci da kawo da ƙirya suna jure ruwa da gara. Rimi da maje ba su da nauyi, suna da sauƙin aiki da araha, amma ba sa daɗewa, kada a sa maka su a ƙasa ko a haƙarƙari. Ko a itace mai kyau, jan cikin ake nema, farin gefen nan abincin gara ne. Ɗanyen katako kuma ka guje shi, zai bushe a jikin jirgin ya murɗe. Inda ya ruɓe a yanke har a wuce cikin mai lafiya, a sa sabo, mahaɗar ta faɗa kan haƙarƙari. Ƙusa a sa wadda aka yi wa rufin hana tsatsa, ko da ta fi tsada. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a buga gutsuren kwano a kan ruɓaɓɓen wuri a shafe da kwalta. Ido zai ga an gyara, alhali an rufe danshi a ciki ne, ruɓar ta ci gaba inda ba wanda zai gan ta.

Yanzu ga inda sababbin masu jirgi suka fi yin ɓarna. Jirgin da ya daɗe a tudu, musamman bayan hunturu, za ka ga tsakanin katakansa ya buɗe har haske na ratsawa. Hankalinka zai tashi, ka ce a cusa tsumma a danna har sai ba kafa. Kada ka yi. Katako yana tsukewa ta faɗinsa idan ya bushe, yana kumbura idan ya sha ruwa, tsawonsa kuwa kusan ba ya canzawa. Idan ka cika ɓarakar tam yana bushe, ranar da ya kumbura ba shi da wurin zuwa, sai ya banƙare ya tumɓuke ƙusoshi. Ka fara jiƙa shi: a shimfiɗa jiƙaƙƙun buhunan algarara a ciki, ko a kai shi gaɓa inda ruwa bai wuce gwiwa ba, a ɗaure shi ya kwana huɗu zuwa mako. Yawancin ɓarakar za ta rufe da kanta. Wadda ta rage ita ce ta gaskiya. A fito da shi, ya sha iska fatarsa ta bushe, a murza auduga a tura ta a hankali, sannan a bi da kwalta mai ɗumi. Haka masu haɗa jiragen ruwa masu tafiya da iska na Lamu a gaɓar Kenya suke yi har yau, auduga da mai, kuma teku suke shiga da su. Wurin narka kwalta ya yi nisa da fetur da yara. Baƙin man inji da wasu ke shafawa don gara, ka bar shi: yana hana fenti kamawa, yana kuma ɓata ruwan da mutane da dabbobi ke sha.

Duk wannan aikin rani ne. Ka fara bayan an kawar da amfanin gona, ka gama kafin ruwan farko. Wanda ya jira sai gulbi ya cika a watan Agusta, gaggawa ce za ta yi masa gyaran.

In kana tunanin inji, ka sani jirgin da aka haɗa don filafili da gwangwala ba a yi allon bayansa don nauyi da girgizar Yamaha ba. Sai an sake shi da katako mai kauri an tokare.

Sai gwaji, kuma ba da mutane ba. A wuri marar zurfi a loda masa buhunan yashi daidai nauyin da kake son ya riƙa ɗauka, a bar shi ya wuni, kana duba yawan ruwan da kake kwarfewa. Ɗan tsattsafi ba komai ba ne. Ruwan da ke ƙaruwa awa bayan awa yana nufin a koma tudu. Idan ya zauna lafiya, yanzu ka ɗauko fentinka. Ka ja layi mai kauri a gefe, taƙi biyu ƙasa da baki, kuma duk ranar da ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare, ko kawunka ne ke tsaye a gaɓa da buhunsa.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ceto ga duk wanda ya shiga jirgi. Ka sa kuɗin rigunan cikin lissafin gyara tun yanzu, tare da ƙwaryar kwarfa da filafili na biyu. Idan kuma kai kanka ba ka iya iyo ba, ka koya a wannan ranin kafin ka ɗauki ɗan kowa.