Tsagaggen Rim Da Kayan Keke Waɗanda Ba Su Dace Da Juna Ba

Da yawa daga cikinmu, ɗalibai da malamai, keke ne ƙafarmu. Shi ke kai mu makarantun ƙauye lokacin koyarwar gwaji, shi ke ɗauko mana kaya ran kasuwa. Amma na lura abin da mu kan duba a jikinsa bai wuce iska da birki ba. Saboda haka na ga ya kamata in yi mana bayani a kan abu biyu waɗanda kan kayar da mutum ko su cinye masa kuɗi, watau tsagewar rim, da haɗa sarƙa da haƙoran da ba nata ba. Maganinsu ɗaya ne, a duba kafin a hau, a auna kafin a saya.

Rim shi ne zoben nan da taya ke zama a kansa, wanda yara kan yi gare-gare da shi in ya tsufa. Iri biyu mu ka fi gani. Akwai na ƙarfe, irin na manyan kekunanmu, Raleigh da Phoenix da Hero. Akwai kuma na alminiyam, watau goran-ruwa, irin na kekunan gwanjo masu giya.

Na ƙarfe tsatsa ke kashe shi, kuma daga ciki ta ke farawa. Ruwan damina ya kan shiga ta ramukan sifok, watau wayoyin nan da ke riƙe da rim, ya kwanta ƙarƙashin taya inda ido ba ya gani. Na goran-ruwa kuwa ba ya irin wannan tsatsa, amma ya kan tsage a bakin ramukan sifok, musamman a ƙafar baya inda nauyi ya ke. Har wa yau robar birki, in ta haɗu da yashi, kankare gefensa ta ke yi kullum har ya zama kamar takarda. Iskar taya kuma tana tura gefen nan waje. Ran da ya gaza sai ya ɓalle gaba ɗaya, tiyub ya fashe, ƙafar ta cije. In a gangara ne, sai dai Allah ya kiyaye.

Ga yadda ni ke dubawa. Ka kifar da keken, ka wanke rim sarai, gama laka ta kan ɓoye tsaga. Ka bi ramukan sifok ɗaya bayan ɗaya, ko za ka ga layi siriri kamar gashi ya fito daga bakin rami. Ka dubi mahaɗin rim, wanda galibi ya kan kasance daura da ramin bawul. In na goran-ruwa ne, ka aza rula a gefensa. In ka ga ya yi kwari a tsakiya, ya cinye. Sau ɗaya a shekara, bayan damina, ka cire taya ka dubi ciki. In kuma kana jin birki yana kamawa yana saki a wuri ɗaya kowane juyi, ka sauka ka duba nan take.

To, in ka sami tsaga fa? Ka sace iskar, ka tura keken da hannu. Za a ce maka a kai wa mai walda, amma ni ban ba da wannan shawara ba. Wuta ta kan kashe ƙarfin goran-ruwa a kewayen inda a ka yi waldar. Na ƙarfe kuwa, tsatsar da ta huda wuri ɗaya ta riga ta ci sauran, ga kuma tudun walda da zai riƙa karo da birki. Tsagaggen rim canja shi a ke yi.

Kafin ka sayi sabo ka san abu uku. Na fari, girmansa. Kada ka dogara da inci kaɗai, gama taya biyu duk a kan kira su inci 28 amma ba su hawa rim ɗaya. Ka karanta lambar da ke jikin taya. In ka ga 40-635, na manyan kekunanmu ne. In ka ga 37-622, na yawancin kekunan Turai ne. Mai ƙarewa da 559 shi ne inci 26 na kekunan hawan dutse. Lambar ƙarshe ita ce faɗin rim a milimita. Na biyu, ka ƙidaya ramuka. Yawanci 36 ne, amma tsofaffin kekunan Ingila 32 ne a gaba, 40 a baya. Na uku, irin birkinka. Birkin sanda yana kama cikin rim, na waya yana kama gefe, kowane da rim nasa. In zurfin sabon daidai ya ke da na tsohon, sai a sassauta sifok duka, a ɗaure rim biyun gefe da gefe, bawul daura da bawul, a riƙa mayar da sifok ɗaya ɗaya. Daidaita ƙafar kuwa a bar wa gwanin mai gyara.

Yanzu sai sarƙa. Abu uku ke aiki tare, farantin gaba mai haƙora wanda feda ke juyawa, da sarƙa, da firiwil na baya. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sarƙar keke rabin inci ne, amma faɗin ya bambanta. Keke marar giya yana ɗaukar mai faɗin 1/8 na inci, mai giya biyar zuwa takwas a baya yana ɗaukar 3/32, kuma da giya ta ƙaru sai sarƙa ta ƙara sirancewa. Siririya ba ta zama a kan haƙora masu kauri, mai faɗi kuma ba ta wucewa sosai tsakanin giya. Saboda haka ka ƙidaya giyarka kafin ka tafi kanti.

Wani rashin dacewar kuma na shekaru ne. Sarƙa da haƙora tare su ke cinyewa. Ka sa farkon rula a tsakiyar wata ƙusa. In sarƙar lafiya ta ke, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. In ƙusar ta zarce da 1/16, canja sarƙa ya isa. In ta kai 1/8, firiwil ma ya tafi, sai a canja su tare. Wanda ya sa sabuwar sarƙa a kan cinyayyen firiwil, da ya miƙe ya taka feda a hawa sai ta zille, ya faɗo a kan sandar keke. Araha ba ta ado.

A lura da tiredi kuma. Tsofaffin Raleigh ƙirar Nottingham suna da zare 26 a inci a gidan boris na feda, sauran yawanci 24. In abu ya shiga juyi biyu ko uku ya cije, ba nasa ba ne, kada a tilasta shi da sifana. Fedar hagu kuwa hagu a ke juya ta wajen ɗaurewa.

Mu da ke shirin koyarwa, akwai darasin lissafi a nan. Farantin gaba mai haƙora 44 da firiwil mai 20, taka feda sau ɗaya zai juya ƙafa sau 2.2. Kewayen taya mai inci 28 wajen inci 88 ne, watau tafiyar ƙafa 16 ke nan. In a ka sa mai 18 sai ta kusa ƙafa 18, amma hawa ya ƙara wuya. Ku shigar da keke aji, yara su ƙidaya haƙoran da kansu. Rular da za su yi awon da ita, ku auna sarƙarku da ita kafin a tashi. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.