Abin da nake cirewa daga jakar mai hawan dutse

Ni jagoran masu hawan dutse ne a yankin Gashaka-Gumti da Mambila, jihar Taraba. Duk wanda zan kai Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, sai ya zazzage jakarsa na gani kafin mu ɗaga ƙafa. Saboda gwiwa nake yin haka. A hawa, kaya mai nauyi numfashi yake ci. A gangara kuwa, kowane taku nauyin yana dira ne a gwiwa da idon sawu, kuma a nan na sha ganin ƙarti sun zauna sun kasa tashi, a wurin da mota ba ta shiga.

Ma'aunina shi ne kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Mai kilo 60 ya tsaya a kilo 12, har da ruwa da abinci. Jaka mai cin lita 35 zuwa 40 ta isa, domin duk wanda ya sayi babba sai ya cika ta.

Tufafi ne suka fi cinye wuri. Mutum ya jero riga ta kowace rana, da wandon jins, da tawul na gida. Riga biyu sun wadatar: ta tafiya, da ta barci wadda ba za ta taɓa jiƙewa ba. Jins da auduga in sun sha gumi ko ruwan rafi ba sa bushewa da wuri. Safa kam ba na rage ta, a ɗauki uku, don ƙafar da ta yi bororo ta gama tafiya. Mayafi mara nauyi yana maye gurbin darduma da tawul.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Inda hanya ke ratsa rafuka, lita biyu da ƙwayar tsaftace ruwa sun fi jarka. A jefa ƙwayar, a jira minti 30. Amma a fara tambayar jagora inda ruwa yake, musamman da rani. Abinci kuwa namu na gida ya fi na gwangwani sauƙin ɗauka: garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, gyaɗa, garin kunu da ganyen shayi.

Abin da ya fi damuna shi ne mai rage kaya ya fara da rigar sanyi, wai ai daga zafi ya fito. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6, ga iskar dare a kan tudu, ga jiki jiƙe da gumi. Rigar sanyi, rigar ruwa, bargon barci, tocilan ta goshi, gishirin ORS, filasta da maganin da likita ya ɗora ka a kai, waɗannan ba na yarda a bar su, ko da jaka za ta ƙara kilo guda.

Wajen shiryawa, a shimfiɗa babbar leda a ciki saboda ruwan sama. Bargo a ƙasa, abu mai nauyi a tsakiya manne da baya, rigar ruwa da abin taɓawa a sama. A ɗaure ɗamarar jakar sosai a ƙugu don nauyin ya sauka daga kafaɗa. Mako guda kafin tafiya, ka goya ta cike, ka yi tafiyar awa biyu da takalmin da za ka hau da shi, kada ya zama sabo.