Amsoshin Tambayoyinku: Libarba Mai Aiki Biyu da Gyaran Maƙera

Tambaya: Malam, a finafinan Amurka nakan ga ɗan sanda ya zaro libarba ya harba nan take, shi kuwa kaboyi sai ya ɗana da babban yatsa tukuna. Ina bambancinsu? Kuma me ake gyarawa idan aka ce an yi wa libarba aiki na musamman? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Lallai kana kallo da lura. Libarbar da Samuel Colt ya yi wa rajista a Amurka a 1836, sai an ja 'yar gudumar da ke bayanta da yatsa, gangar harsasai ta juya, sannan kunama ta saki gudumar. Aikin kunama ɗaya ke nan. A 1851 Robert Adams na Ingila ya fito da wadda jan kunama kaɗai ke ɗana guduma, ya juya ganga, ya kuma saki, wato mai aiki biyu. Yawancin waɗanda suka biyo baya, irin su Smith & Wesson Model 10 da asalinta ya faro a 1899, ana harba su ta kowace hanya.

Sai dai saurin yana da farashi. Kunamar tana da tauri, ƙarfin janta yakan kai wajen kilo 5, alhali in an riga an ɗana bai cika wuce kilo 2 ba. Hannun da bai saba ba sai ya karkace, saiti ya ɓaci. A nan maƙera suka sami abin yi: su goge sassan ciki har jan ya yi santsi, su sauya mariƙi da na katako ko roba daidai tafin mai ita, su sa masaiti mai saurin gani. Masu kuɗi kan ƙara zanen ado, wanda ba ya ƙara wa harbi komai.

Gyaran da ya fi suna shi ne Fitz Special, na John Henry FitzGerald, ma'aikacin kamfanin Colt. Ya rage bututun zuwa inci 2, ya yanke ƙahon guduma don kada ya sarƙe a aljihu, ya kuma cire gaban zoben da ke kare kunama don yatsa ya shiga da sauri. Biyun farko suna da hujja. Na ukun, a ganina, ganganci ne. Yawancin libarba ba su da makullin da ake murɗawa, taurin kunamar da zoben nan su ne kariyarta daga tashi da kanta. Haka ma ganganci ne a sassauta sifirin ɗin guduma ya wuce kima: guduma ta sari harsashi, ya ƙi tashi.

Kafin sha'awa ta kai ka nesa, malam, dokar makamai ta Najeriya ta sa libarba cikin haramtattun bindigogi, ba a riƙe ta sai da lasisin Shugaban Ƙasa.