Asalin Jam'iyyun Zumunci da na Taimakon Jama'a

Jam'iyyun da mutane su kan kafa don taimako iri biyu ne. Akwai waɗanda amfaninsu ya tsaya ga 'yan jam'iyya kaɗai, akwai kuma waɗanda su ke yi wa gari duka aiki. Ya kamata hakimai da malamansu su san bambancin nan, domin irin waɗannan jam'iyyu su kan zo neman goyon baya a ƙasarsu.

Na farkon sun yi ƙarfi a Ingila tun ƙarni na 18. A zamanin nan ma'aikaci in ya kwanta ciwo ba shi da albashi, in ya mutu iyalinsa su shiga wahala. Saboda haka masu sana'a suka riƙa haɗa kai, kowa ya zuba ɗan kuɗi a akwati kowane wata, kamar adashi, amma ba a kwasa sai ciwo ko mutuwa ta sami wani. Sau da yawa akwatin yana da makulli uku a hannun mutum uku, don kada ɗaya ya buɗe shi kaɗai. A cikin 1793 majalisar Ingila ta yi doka wadda ta amince da su, muddin sun kai dokokinsu alƙalai sun duba. Da gwamnati ta ɗauki nauyin maganin jama'a a cikin 1948, sai ƙarfinsu ya ragu, gama bukatar da ta haife su ta kau.

Iri na biyu daga Amurka ya fito. A cikin 1905 wani lauya, Paul Harris, ya tara abokansa uku a birnin Shikago: da mai sayar da kwal, da tela, da injiniyan ma'adinai. Suna zagayawa da taronsu daga ofishin wannan zuwa na wancan, shi ya sa aka kira jam'iyyar Rotary, watau mai kewayawa. Da fari zumunci da ciniki kaɗai suka haɗa su. Amma a cikin 1907 suka tsaya sai da aka gina wa birnin makewayi na jama'a, daga nan kuwa aikin gari ya zama babban nufinsu. Jam'iyyar Lions ta biyo baya a cikin 1917, ta shahara wajen taimakon makafi.

Reshen Rotary na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi, cikin 1961. A cikin 1985 jam'iyyar ta ɗaura yaƙi da ciwon shan inna a duniya, ta tara kuɗin maganin rigakafi. Amma kuɗi ba ya buɗe ƙofar gida. A Arewa sai da sarakuna da hakimai da dagatai suka shawo kan iyaye, sa'an nan maganin ya kai ga yara. A cikin 2020 aka tabbatar ƙwayar ciwon ta asali ta ƙare a Afirka.

To, in wata jam'iyya ta zo gaban hakimi, abu uku ya kamata malaminsa ya bincika: rubutattun dokokinta, da hannun da kuɗinta ya ke, da aikin da ta taɓa yi wa waɗanda ba 'ya'yanta ba. Wadda ta ƙi nuna littafin kuɗinta, lalle kada a bar ta ta karɓi ko kwabo na talakawa da sunan hakimi.