Darasi: Da Me Ake Auna Ingancin Aikin Lafiya?

Mai ba da zakka yakan tambayi nawa aka kashe wajen jinyar mabuƙata. Tambayar da ta fi wuyar amsawa ita ce mutum nawa suka warke.

A 1966, Avedis Donabedian na Jami'ar Michigan ya kasa awon ingancin kiwon lafiya gida uku: kayan aiki, yadda aka gudanar da aikin, da abin da ya haifar. Galibin rahotanni a na farko suke tsayawa, domin shi ya fi sauƙin ƙidaya.

Dubi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina. Kwana uku ake shansa: ranar farko a gaban ma'aikaci, sauran biyun a hannun uwa. Rajista tana shaida an raba, ba ta shaida an shanye.

Saboda haka muna roƙon kwamitocin masallatan kewayen Hubbare: duk majinyacin da kuka kawo sunansa, ku leƙa gidansa bayan mako biyu, ku rubuto mana ko ya samu sauƙi, ko ya koma asibiti, ko Allah Ya yi masa rasuwa.