Kafin Ka Miƙa Hannu Ga Muƙaddami

Ɗan'uwa, in ka ga samarin Tajaye sun dawo daga Mauludin Kiyota da dogon carbi a wuya, ranka ya biya, to dakata tukuna. Shiga ɗariƙar Tijjaniyya alkawari ne na har abada. Wanda ya karɓi wuridi ba ya ajiye shi, kuma ba ya haɗa shi da na Ƙadiriyya ko wata ɗariƙa.

Lazimi safe da yamma ne: istigfari 100, salati 100, hailala 100. Ga wazifa kullum, ga zikirin Juma'a bayan la'asar. A baki abin ba nauyi. Amma ka tuna da damina, ranar da ka wuni duƙe kan hauya, ka dawo da kaushin hannu, idonka na rufewa tun kafin a sauke tuwo. Ka tuna da ranar da motar Ƙwanni ta lalace a hanya. Lazimin da ya kuɓuce maka kuwa bashi ne, sai ka rama.

Ni dai abin da nake fara tambayar yaro shi ne, yaya sallar asuba? In ita ma da ƙyar ake tashinka, ina ka kai ga ƙarin kaya?

Sannan ka dubi muƙaddamin. Wa ya ba shi izini, yaya kuma zamansa da maƙwabta? Ka shawarci mahaifinka, musamman in gidanku akwai ƴan Izala, kada carbi ya raba ku cin tuwo.

Ka zauna a zawiya wata biyu kana kallo. In har zuciyarka ba ta sauya ba, je ka karɓa.