Amsoshin Tambayoyinku: Mura a Likitancin Gargajiya na Sin

Wani mai sauraro daga Dungas, jihar Damagaram, yana tambaya yadda masu maganin gargajiya na ƙasar Sin suke rarrabe mura da yadda suke maganinta.

A wurinsu iska ce take shigar da mura jiki, kuma takan zo ko dai da sanyi ko da zafi. Murar sanyi ita ce mai sa rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi da majina fara mai ruwa, ba tare da gumi ba, kuma tun wajen shekara ta 200 Miladiyya likita Zhang Zhongjing ya rubuta haɗe-haɗenta a littafinsa Shanghan Lun, inda ake dafa reshen kirfa da ɗanyar citta domin jiki ya yi gumi, abin da bai yi nisa da shayin citta da kanumfari da ake sha a garin Magariya lokacin hunturu ba. Murar zafi kuwa tana zuwa da ciwon maƙogwaro da ƙishirwa da majina rawaya mai kauri, sai a ba da furanni masu sanyaya jiki, kamar haɗin Yin Qiao na shekarar 1798.

Likitancin zamani dai ya tabbatar ƙwayar bairos ce ke haddasa mura, kuma yawanci tana wucewa cikin kwana 7 zuwa 10. Amma zazzaɓin yaro da damina a Magariya da Dungas ba abin jira ba ne; a kai shi wurin likita a gwada jininsa, domin zazzaɓin cizon sauro kan fara kamar mura.